Saniyata Tana Hannun Baffa Daudu

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe

Sunana ya fito. Asma'u Muhammadu Lawal, ta goma sha bakwai a jerin waɗanda makarantar koyon aikin jinya ta ɗauka. Sau uku na sa mai kafe ya buɗe mini shafin, har ya tambaye ni ko ya naɗe mini kwamfutar ne in tafi da ita gida. Shekara biyu ina rubuta jarrabawar nan ina faɗuwa, ai dole in kalli sunan da kyau.

Za a rufe rajista ranar Juma'a, 31 ga wata. Wanda bai biya ba, a bai wa na bayansa gurbinsa. Na ga abin da za a biya, da kuɗin ɗakin kwana da na yunifom, na ninke takardar na sa cikin hijabi.

Madam Angelina, mai kyamis ɗin da nake yi wa tsaron shago a nan Kazaure, ta rungume ni tana kirana Nas Ma'u a gaban masu sayen magani. Na yi dariya. Ban kira gida ba tukuna.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Na koma kafe na tambayi rancen ɗalibai da ake ta faɗa a rediyo. Mai kafe ya ce sai mutum ya zama ɗalibi mai lamba kafin ya cike. Tallafin jiha ma haka, sai an yi rajista. Wato ka biya tukuna, sannan a taimake ka ka biya. Na ce masa madalla.

Madam ta ce za ta ba ni albashin wata biyu a dunƙule. Allah ya saka mata, amma ko yunifom da katifa bai gama saya ba. Adashen da nake zubi, kwasata sai Janairu, kuma mai ɗaukar wannan watan haihuwa za ta yi, ba ni da bakin roƙonta.

Da a bara ne sunan nan ya fito, bijimi ɗaya Baffa, mahaifina, zai kora kasuwa, magana ta ƙare.

Laraba, 8 ga Oktoba, da hantsi

Gidan kansila. An ce ya tafi Dutse.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da la'asar

Inna ta shigo gari da ƙullin dambu da man shanu na kai wa yayana Ɗayyabu a gidan yari. An sake ɗage zaman kotu. Ta biyo gidan Goggo Sadiyya, ƙanwar Baffa, inda nake zaune, ta yi salla ta huta. A nan na gaya mata. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, sannan ta zuba wa tabarma ido.

Dama can a gidanmu ba a kiran sunan Ɗayyabu, ɗan fari ne, "wancan" suke ce masa. Amma tun abin da ya faru a gonar dawar nan a watan Agusta, ko "wancan" ɗin an daina cewa. Ni ma ba zan rubuta ba. Inna ta ce mutumin da ke kwance a asibiti ya fara tashi zaune, mu gode wa Allah.

Bayan ta tafi ne Wule ta faɗo mini a rai.

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe 7 na safe

Wule tawa ce, ba ta Baffa ba. Ranar sunana kawuna ya ba ni karsana, kamar yadda ake yi wa kowane yaro a danginmu, Wule kuma 'yar wannan karsanar ce. Ita kaɗai ta tsira a watan Agusta, don ba ta gida lokacin da aka kora sauran kasuwa.

Tana hannun Baffa Daudu, abokin Baffa da ke zaune a wata ruga bayan Roni. Shekara huɗu da suka wuce ciwo ya shiga garkensa ya share shi tas, sai Baffa ya ɗaure masa Wule. Habbanaye muke ce wa abin. Ka ba wanda ya rasa shanu saniya, ya sha nononta, 'ya'yan da ta haifa nasa ne, in ta haihu sau uku ya mayar maka da abarka. Ina aji biyar na sakandare aka kai ta. Baffa ya tambaye ni, na ce to, don a lokacin shanu ba su dame ni ba, ƙamshin gari nake ji.

Ta haihu sau biyu. Gobe zan je gida.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma, a gida

Daga Gwiwa na hau acaɓa. Gero ya nuna, wasu har sun fara yanka. Ban so in kalli garke ba, amma ta nan hanya ta bi. Ciyawa ta fito a inda shanu ke kwana. Dangwali, doguwar igiyar da ake jera maruƙa a jikinta, tana nan a miƙe a ƙasa, ba wanda ya naɗe ta.

Baffa ya rame. Yana zaune gindin aduwa da sandarsa a kan cinya, kamar mai jiran a ce masa ga shanu can sun taso. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardar. Ba ya karanta boko, amma ya riƙe ta da hannu biyu ya daɗe yana dubawa, ya sa mini albarka. Sai na yi ta kewaye-kewaye, daga ruwan bana zuwa lafiyar mutanen Roni, har na iso kan Wule.

"Lokacinta bai yi ba," in ji shi.

Na ce ai na ji tana da ciki. Ya ce lokacinta bai yi ba, ya miƙo mini takardata.

Inna ta raɗa mini a madafa cewa cikin ya tsufa, matar Baffa Daudu ta faɗa mata a wajen wani suna cewa ko yau ko gobe. Zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe 11

Saura kwana goma sha takwas. Ya Allah ka sauki Wule lafiya, kuma da wuri.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan azahar

Na kama kaina ina duba alamomin naƙudar saniya a wayar Madam. Ga mai son zama nas, majinyaciyarta ta farko mai ƙaho ce. Na ba wata mata maganin tari alhali na ciwon ciki ta tambaya, Allah ya sa Madam na kusa ta karɓe. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Gidan kansila. An ce yana barci.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da safe

Goggo Sadiyya ta ji ni ina addu'ar a bayyane bayan sallar asuba. Ta tambaye ni wace ce mai cikin da nake ta roƙa wa sauka, na gaya mata. Ta ajiye buta ta dube ni, irin duban da take yi wa wanda ya zuba gishiri a kunu.

"Ke Ma'u, bokon nan ya cinye miki kai. Wa ya ce miki ranar da ta haihu ake mayarwa? Sai ta shayar da ɗan, an yaye shi. Ko so kike a raba jariri da nono a bar wa Daudu gawa?"

Wata bakwai, ko takwas, in ji ta. Ta ci gaba da yi mini bayani dalla-dalla, ni kuwa kunnena ya daina ji. Kwana biyar ina roƙon Allah abin da ko ya ba ni ba zai amfane ni ba. 'Yar Fulani, jikar masu shanu, ban san wannan ba. Kunya ta fi baƙin cikin yawa, sai daga baya baƙin cikin ya wuce ta.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe 4

Na je makarantar da kaina, kuɗin mota biyu a banza. Mutumin ofishin rajista dattijo ne mai kirki, har kujera ya ba ni. Ya ce ba a karɓar rabi, kuma ba a ajiye wa mutum gurbi zuwa baɗi sai in ya riga ya yi rajista. Ya nuna mini jerin masu jiran wani ya kasa, shafi biyu cur. A cikinsu akwai wadda take addu'a a kaina yadda na yi a kan Wule.

Na ga 'yan aji biyu sun fito cikin fararen kaya suna cin gyaɗa. Na tsani dariyarsu, ba su yi mini komai ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ba komai.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da la'asar

Tawa ce. Ba sata zan yi ba, ba roƙo zan yi ba. An sayar da shanu goma sha ɗaya saboda ɗa namiji ya ɗaga sanda, ba wanda ya ce lokacinsu bai yi ba. Ni da ban taɓa ɗaga wa kowa ko murya ba, tawa guda ɗaya ce lokacinta bai yi ba.

Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Na ce wa Madam zan je gida, na ce wa Goggo Madam ta aike ni. Roni na je.

Rugar bukka huɗu ce a gefen dutse. Saude, matar Baffa Daudu, ta gane ni tun daga nesa, ta taho tana tafa hannu tana kirana uwar Wule. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura, yaranta uku suka zagaye ni suna kallon takalmina. Ta nuna mini 'ya'yan Wule biyu, karsana da ɗan bijimi, su ne duk abin da suka mallaka. Wule kuwa tana tsaye a inuwa, cikinta har ya sauka. Ba ta gane ni ba, kuma ba ta da laifi.

Baffa Daudu ya dawo daga gona da lauje a kafaɗa. Muka gaisa, ya tambayi Baffa, ya yi jajen abin da ya faru ba tare da ya ambaci komai ba. Na ce masa na samu makaranta. Ya yi murna ƙwarai. Na ce za a rufe rajista ranar talatin da ɗaya. Ya ce Allah ya ba da iko. Na sake cewa ranar talatin da ɗaya za a rufe, wannan karon ina kallon Wule.

Ya sauke laujen, ya dube ni.

"Baffanki ne ya aiko ki?"

Na ce a'a.

"To," in ji shi.

Ban roƙa ba. Ina ta gaya wa kaina a mota cewa ban roƙa ba, kwanan wata kawai na faɗa. Amma Saude ba ta rako ni bakin hanya ba, kuma furar tana nan tsaye a ƙirjina.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Kawu Sama'ilu, yayan Inna, ya zo gari saboda zaman yau, ya biyo ya ci abinci a gidan Goggo. Ina daga ɗaki ina jin su. Ashe dangi sun yi shawara tun watan jiya. Da an gama girbi za a ɗaure wa Baffa shanu uku, ɗaya daga wajen Kawu, biyu daga mutanenmu na Babura. Kawu ya ce bai sha wahalar shawo kansu ba, don kowa ya san Muhammadu Lawal, mutumin da garkensa ya ƙare amma bai aika a karɓo wadda ya ɗaure wa Daudu ba. Ya ce irin wannan gidan ake ɗaure wa saniya a yi barci.

Goggo ta ce Allah ya sa kada wani abu ya gitta. Na fita ta bayan gida na je shago, ban ci abincin ba.

Shi ya sa Baffa ya ce lokacinta bai yi ba. Me ya sa bai gaya mini ba? Me ya sa a gidanmu ba a faɗin magana, sai dai mutum ya taka ta ya ji?

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe 9

Baffa Daudu ba shi da waya. Na samu lambar wani mai acaɓa a Roni, na roƙe shi ya kai saƙo cewa a bar maganar. Ya ce wace magana? Na ce ya dai ce Ma'u ta ce a bari.

Juma'a, ƙarfe 3

Ya ce ruwa ya ɓata hanyar, sai gobe.

Asabar, 25 ga Oktoba, da la'asar

Inna ta kira da wayar maƙwabta. Kalma uku ta faɗa: "Ki zo gida."

Lahadi, 26 ga Oktoba, da hantsi, a gida

Wule tana ɗaure a gindin aduwa, daidai inda Baffa yake zama.

Inna ta ce tun asubar jiya Baffa Daudu ya taso da ita a ƙafa, a hankali saboda cikin, ya ratsa ƙauyuka da rana tsaka kowa yana gani. Ya iso bayan azahar, ya ɗaure ta, ya yi sallama. Baffa ya fito ya gan ta, ya ce masa bai aika ba. Baffa Daudu ya ce ya sani, amma mai ita ta zo. An kawo masa ruwa bai sha ba, ya ce rana na yi masa, ya juya.

Na durƙusa a ƙofar ɗakin Baffa na fi rabin awa. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi Goggo, ya tambayi hanya. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Litinin, 27 ga Oktoba, ƙarfe 8

Na ce wa Inna ni zan kora ta in mayar, ko da kwana zan yi a hanya. Ta ce ko na kai ba zai karɓa ba, mutumin da aka je har gidansa aka kalli saniya a gabansa. Kuma idon da ya gan ta a hanya ya riga ya gani.

Ni nake ba ta ruwa, ni nake yanko mata ciyawa. Baffa ta bayan gida yake fita masallaci don kada ya bi ta gabanta.

Ga ta a ƙofar gida, ba ta mayaruwa, ba ta sayaruwa. Saura kwana huɗu.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Kawu Sama'ilu ya zo a kan babur. Inna ta shimfiɗa tabarma, bai zauna ba. Ya tsaya ya kalli Wule, ya shiga wajen Baffa, ba su fi minti goma ba. Da ya fito ya ce wa Inna mutanen Babura sun ce bana abin ya yi musu nauyi, sai an ga yadda shekara ta yi. Tasa ɗayar ma bai ambace ta ba. Ni kuwa ko inda nake bai kalla ba, kawun da ya ba ni uwar Wule da hannunsa.

Inna ta naɗe tabarmar. Na jira ta ce mini wani abu, sai ta ce in ɗebo ruwa.

Na fasa. Ba na son makarantar. Na gaya wa Inna, ta ce fasawata ba za ta dawo da shanun Babura ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe 6 na safe

Na fito da bokitin ruwa, ba Wule a gindin aduwa. Ba Baffa a ɗaki. Na bi sawunta har kusa da inda hanya ta rabu, ta dama mai zuwa Roni, ta hagu mai zuwa kasuwar Laraba. Kasa ƙarasawa na yi, na tsaya daga nesa, na juyo gida ban duba ba.

Laraba, ƙarfe 4

Ya dawo shi kaɗai, igiyar a naɗe a hannunsa. Ya zauna a gindin aduwa, karon farko tun ranar Asabar, ya aika Inna ta kira ni. Ya ciro ƙullin leda daga aljihun 'yar-shara ya ajiye a gabana. Ya ce bai sayar wa mahauta ba, wani makiyayi ne daga tsallaken iyaka ya saya, zai bar ta ta haihu. Ya ce abin da ya ragu bayan na biya in riƙe na littattafai, kada in kawo masa ko sisi, dukiyata ce.

Na fara ba shi haƙuri, kuka ya hana ni ƙarasawa. Ya bar ni na gama, yana ta juya igiyar a hannunsa.

"Asma'u," ya ce, "ke da kika san mutanen gari. In kin koma Kazaure ki tambayar mini, ko akwai mai neman mai gadi."

Na ɗaga kai in ga ko wasa yake. Baffa bai iya wasa ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, ƙarfe 2

Na biya. Layin banki awa uku, layin makaranta awa biyu. Dattijon ofishin ya gane ni, ya buga hatimi, ya ce ai ya san zan samo hanya. An ba ni lamba. Yanzu na cancanci rance, na cancanci tallafi.

An auna ni yunifom. Telan ya ce in daina sunkuyar da kai, awon yana karkacewa.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da safe

Na je yi wa Madam sallama. Ta ce in akwai abin da za ta iya yi mini in faɗa, kada in ji kunya. Na buɗe baki sau biyu. A na ukun na tambaye ta ko akwai mai neman mai gadi, ta ce wani mai gidan burodi a bakin tasha yana nema, amma wa nake nema wa, tsoho ne ko yaro, kuma ya taɓa yin gadi?

Na ce dattijo ne. Na ce shekara hamsin yana gadi, ko ɗaya bai taɓa ɓace masa ba.

Ta ce ya zo ranar Litinin.